Rajista Ta Ce Tana Aji

Da ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar ya rufe karɓar koke kan maki. Fayil ɗin yarinyar da ake kira Nas a gidansu yana ciki, amma babu takarda ɗaya tak da za ta sa kwamiti ya buɗe shi. Takardar tana cikin jakar mahaifinta. An buga ta, an sa mata kwanan wata, ba a sa hannu ba.

Shekarunta sha takwas. Sashen harhaɗa magunguna ta nema. A jarrabawar shiga jami'a ta ci maki casa'in da ɗaya cikin ɗari. A sakamakon makaranta na shekaru biyun ƙarshe kuwa, hamsin da takwas gare ta. Jami'ar tana haɗa biyun ne ta raba gida biyu, abin da ya ba ta saba'in da huɗu da rabi. Sashen ya tsaya a saba'in da shida.

Kakarta ce ta sa mata sunan Nas, wato ma'aikaciyar jinya, shekara biyu da suka wuce, a makon da aka dawo da tsohuwar daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce a riƙa juya ta duk bayan awa biyu don kada jikinta ya yi gyambo, a kuma riƙa rubuta lokacin a littafi. Mama tana aiki a kamfanin ɗinki, mako ɗaya cikin uku aikin safe take yi. Yaya yana jami'a a wani gari. Baba malami ne a makarantar da yarinyar take, shi ne kuma malamin ajinsu. Aka ce duk makon da Mama ke aikin safe Nas ta zauna a gida, kafin a ga yadda za a yi. Littafin da ta fara rubutu a ciki mai koren bango ne. Yanzu tana kan na biyar.

Makin makaranta daga gwajin mako-mako da aikin ɗakin gwaje-gwaje ake tara shi, wanda ba ya nan kuma sifiri yake samu. Jarrabawar shiga kuwa yini ɗaya ce. Abin da aka tambaya a cikinta yana cikin tsofaffin littattafan Yaya, waɗanda ta karance a kan kujerar roba a gefen gadon Kaka, tsakanin juyi da juyi.

Mako uku kafin ranar rufewa ta je ofishin ɗaukar ɗalibai. Jami'in da ke bayan tagar dattijo ne mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ya jera takardunta biyu a kan tebur, ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Casa'in da ɗaya. Ke kika rubuta da kanki?"

"Ni na rubuta."

"Wasa nake miki, 'yata. To wannan hamsin da takwas ɗin fa? Barci kike yi a aji?"

"Ba na samun zuwa ne sosai. Ina jinyar kakata."

Ya sa tabaran. Ya jawo wani ɗan littafin ƙa'ida da ya sha hannu, ya buɗe sashe na tara, ya karanta mata yana bin layi da yatsa. Idan makin jarrabawa ya fi na makaranta da sama da ashirin da biyar, kuma makaranta ta tabbatar a rubuce cewa ɗalibi ya yi fashin fiye da kwana arba'in saboda ciwo ko jinyar wani a gida, kwamiti zai ba jarrabawar kashi uku cikin huɗu. Ya danna na'urar lissafi, ya juyo mata da fuskarta.

"Kusan tamanin da uku. Da wannan ba layin jira za ki bi ba, ta ƙofar gaba za ki shiga. Amma sau ɗaya ake neman sashe na tara, a shekarar da aka gama makaranta. Kawo mini wasiƙar shugabarku kafin Juma'ar ƙarshen wata."

"Idan ban samu ba fa?"

"Jerin jira. Ko ki sake zama baɗi. Sai dai hamsin da takwas ɗin nan ya zauna ke nan, ba ya motsi. Sai kin ci casa'in da huɗu kafin ki taɓo layin."

A motar komawa ta sake yin lissafin a bayan takardar maganin Kaka. Amsar ba ta canza ba.

Washegari, bayan Mama ta dawo daga aiki, Nas ta je makarantarsu. Shugabar ba ta fi shekara ɗaya da rabi da zuwa ba, ba ta kuma san ɗalibai da fuska ba sai ta takarda. Ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta sa aka ɗauko rajistar ajinsu ta shekara biyu. A makarantar, wanda ya zo ana yi masa alama da shuɗin biro, wanda bai zo ba ana yi masa da'ira da ja. Shugaba ta bi layin sunan yarinyar shafi bayan shafi. Shuɗi ne daga farko har ƙarshe, sai ja a wuri uku.

"Kwana uku kika yi fashi a shekara biyu," in ji ta. "Da ma ana ba da kyauta a kan wannan, da ke za a ba."

Shugaba ta ɗago kai daga littafin.

"Wa ke riƙe da rajistar ajinku?"

"Baba."

Shugaba ta rufe littafin a hankali, ta ɗora hannu a kai.

"Ba zan sa hannu a kan abin da rajistata ta ƙaryata ba. Idan mai rajistar ya rubuto cewa ya cika ta ba daidai ba, ya faɗi yawan kwanakin, a ranar zan haɗa da tawa wasiƙar in buga hatimi. Sakamakonki ba zai taɓu ba, an riga an tabbatar da shi. Fayil ɗinsa ne zai taɓu."

"Me za a yi masa?"

"Takardar gargaɗi, wannan babu makawa. Kujerar mataimakin shugaba da yake jira, ya manta da ita. Abin da ya wuce haka ba ni ke yankewa ba." Ta buɗe durowa ta zaro wata takarda mai shafi ɗaya. "Kin san wannan? Takardar uzuri ce. Da an cika ta tun farko, da an ɗage miki gwaje-gwajen da kika rasa, da ba mu zauna nan ba. Minti biyar ake cika ta."

A kan hanyar fita ta wuce ɗakin malamai. Malamin sinadarai, wanda ya ba ta sifiri sau goma sha ɗaya saboda ba ta nan, ya ɗago mata hannu ta taga ya ce a gaida Kaka. Duk malaman ɗakin sun san inda take kwana da inda take yini. Babu wanda ya taɓa rubutawa.

Da la'asar Baba yana falo yana duba takardun ɗalibai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da jami'in ya ce da abin da shugaba ta ce, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Bai ɗago ba sai da ya gama shafin da yake kai.

"Wa ya aike ki wurin shugaba?"

"Wasiƙar daga wurinta za ta fito, Baba."

"Ai da kin fara zuwa wurina. Ni baƙo ne a makarantar?" Ya ajiye biron. "Kin san ɗalibin da ya yi fashi da yawa ba a barinsa ya zauna jarrabawar ƙarshe. Don wa na yi abin da na yi? Kullum in buɗe littafin nan in yi miki shuɗi. Rufa miki asiri na yi."

"Ta ce akwai takardar uzuri."

"Takardar uzuri ba ita kaɗai take tafiya ba, da jami'ar walwala take zuwa. Mace ta shigo gidan nan da littafi a hannu, ta tsare ni, ni malamin makaranta, wai me ya sa 'yata ba ta aji. Ta leƙa ɗakin uwata, ta ɗaga zanin gado. Wannan kike so a lokacin?"

"Ba a tambaye ni ba a lokacin."

Ya dube ta. Ba rashin kunya a muryarta, shi ma ya san haka, shi ya sa bai samu abin kamawa ba.

"Shekara ashirin da shida ina koyarwa, ko takardar tuhuma ban taɓa karɓa ba," in ji shi. "Je ki. Zan duba."

Daga ɗakin ƙarshe aka buga cokali a jikin ƙarfen gado. Haka Kaka ke kira. Ƙarfe shida ta yi.

Ɗakin Kaka gado ne mai ƙarfe, da katifa mai leda a ƙarƙashin zani, da tebur cike da kwalabe, da agogon bango da Nas ta sauko da shi daga falo tun shekarar farko. Maganar tsohuwar ta gefen baki ɗaya take fita, amma bakin bai mutu ba.

"Nas ta makara. A rage mata albashi."

"Sai an fara biyana tukuna, Kaka."

Ta naɗe hannun da ya shanye a kan ƙirji, ta lanƙwasa gwiwa, ta sa hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ta mirgino ta hagu. Ta cusa matashi a baya, ta sa wani tsakanin gwiwoyi. Ta rubuta.

"Uwarki hannunta nauyi, kamar tana juya buhu," in ji Kaka. "Gwaggonki kuwa ido ne da ita kawai. Ke ce dai."

Wannan maganar kowa a gidan ya haddace ta. Duk lokacin da aka tayar da zancen ɗauko mai jinya, da ita ake rufewa: ai Kaka ba ta yarda da hannun kowa sai na Nas. Baba yakan ƙara da cewa bare ba zai taɓa jikin uwarsa ba alhali yana da 'ya a gida. Sai a makon da sakamakon jarrabawa ya fito ne aka sassauta. Mama ta samo wata mata da ta taɓa aiki a asibiti, aka ce ta zo ranar Asabar ta ƙarshen wata ta ga Kaka, tunda Nas za ta tafi.

Mako guda ya wuce Baba yana dubawa.

Tun da Nas ta gama makaranta Mama ta koma aikin safe gaba ɗaya. Nas ta same ta a kicin da sassafe tana ɗaura takalmin aiki.

"Mama, ki yi masa magana."

"Kada ki sa ni a tsakiya. Na yi masa, ya ce ya ji."

"Saura kwana goma sha biyu."

"Na san lissafi." Ta miƙe ta ɗauki jakarta. "Uwarsa ce, ba uwata ba, amma ban taɓa cewa ba zan yi ba. Na yi nawa, kin yi naki. Yanzu in aka taɓa aikinsa, gidan nan duka aka taɓa, har ke. Shekara ɗaya ba komai ba ce a wurin yarinya."

"Ba shekara ɗaya ba ce. Sau ɗaya ake nema."

Mama ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu. Sai ta ce a cire wa Kaka zanin jiya a jiƙa, ta fita.

Yaya ya kira da rana. Shi da saba'in da ɗaya ya shiga nasa sashen, bai taɓa fashin yini ɗaya ba.

"Casa'in da ɗaya da littattafaina? A ba ni kasona mana."

"Yaya, ka ji abin da ake ciki?"

"Na ji. Ki saurare ni, ni na san jami'a. Saba'in da huɗu da rabi ba abin yarwa ba ne. Ki canza sashe, akwai waɗanda suka tsaya a sittin da biyar, kujeru na nan ba masu zama. Digiri digiri ne."

"Kai ka canza naka?"

"Ni ban samu matsala ba."

"Eh."

"Ke ma kin san da ni mace ce da na karɓe ki. Ba zan iya yi wa Kaka wanka ba, ba tsari ba ne. Kar dai ki sa tsoho ya zubar da mutuncinsa saboda maki ɗaya da rabi."

Ranar Asabar Gwaggo ta zo, ƙanwar Baba, 'yar Kaka ta cikinta. Ta kawo lemo a leda, ta zauna a bakin gado, ta tambayi uwarta jiki da ƙarfi kamar kunnen ne ya shanye. Labari ya riga ya kai mata.

"Ni dai ban taɓa jin inda 'ya ta kai ƙarar ubanta wurin shugabarsa ba."

"Ba ƙara na kai ba, Gwaggo. Wasiƙa na nema."

"Duk ɗaya ne. Ke da Allah ya ɗora ki a kan ladan da mu muke nema ido rufe ba mu samu ba."

Nas ta dubi agogo. "Ga shi nan ya zo. Sha biyu ta yi. Kama mini ƙafafun."

"Da wannan bayan nawa? So kike a kwantar da mu biyu?"

Kaka ta yi dariyarta ta gefen baki. Nas ta juya ta ita kaɗai.

A daidai wannan makon ta zauna da littattafan nan biyar da kalandar makaranta. Duk ranar karatun da ta ga rubutunta a ƙarfe takwas, da goma, da sha biyu, sai ta ja layi. Kwana ɗari da goma sha uku ta samu. Ranar Litinin ta roƙi Gwaggo ta zauna da Kaka, ta nuna mata agogo, ta nuna mata yadda ake cusa matashi, ta zuba littattafan a jaka ta tafi jami'a.

Layin ya yi tsawo. Da ta isa taga, jami'in ya gane ta.

"Casa'in da ɗaya. Ina wasiƙata?"

Ta tura masa littattafan. Ya buɗe na biyu a tsakiya ya karanta a bayyane, a hankali. "Talata. Takwas, dama. Goma, hagu, ta sha rabin kofi. Sha biyu, dama, an canza zani." Ya juya shafi, ya juya wani. Na bayanta a layi ya fara tsaki.

"Na yarda da ke," in ji shi. "Amma kwamiti ba ya karanta yardata. Wannan littafin gida ne. Rajistar makaranta ce shaida, in kuma ta ce kina aji, to kina aji. Waye malamin ajin naku? Wani lokaci in aka same su da lalama suna gyarawa."

"Na same shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce zai duba."

Awa biyar ta yi a waje. Ta tarar da Kaka yadda ta bar ta, a ɓarin dama, Gwaggo na falo tana waya. Gwaggo ta ce ta leƙa sau biyu ta ga tsohuwa na barci, ba ta so ta tashe ta. A ƙugun Kaka akwai wani jan tabo mai faɗin murfin kwalba. Nas ta danna shi da yatsa, bai yi fari ba. Ta san abin da hakan ke nufi, yana cikin takardar da likita ya ba su. Shi ne na farko a shekara biyu.

Da Baba ya dawo ya gani, ya tsaya a kan gadon ya daɗe.

"Kin ga abin da yawon ofis ya jawo," in ji shi.

Nas ta ɗebo ruwa. Ta wanke wurin, ta shafa magani, ta rubuta a littafi da awa da faɗin tabon. Daga ranar ta mayar da juyin duk awa ɗaya da rabi a wancan ɓarin. Abinci ya daina yi mata ɗanɗano, tana ci ne don an zuba. Ta daina yin lissafin a bayan takardu. Idan Mama ta tambaye ta ko lafiya, sai ta ce lafiya.

Ranar Laraba Baba ya kira ta falo. Ya zaro takarda daga jaka. A wani shagon buga takardu can wata unguwa ya buga ta, inda babu wanda ya san shi. Layi shida ce. Ta ce shi, malamin aji, ya cika rajista ba daidai ba a kan ɗaliba ɗaya, ta kwana ɗari da goma sha uku, kuma ɗalibar tana gida tana jinyar mahaifiyarsa da umarninsa. Adadin daga littafinta ya ɗauka, bai tambaye ta ba, ya shiga ɗakin ya duba da kansa. A ƙasa akwai sunansa da fili a samansa.

"Kin gani? Ban ƙi ba. Kada wata rana ki ce ubanki ya ƙi."

"Na gode, Baba."

"Gobe zan kai mata."

Ranar Alhamis aka liƙa sunayen waɗanda za a yi wa tambayoyin neman kujerar mataimakin shugaba. Mutum uku ne, nasa ne na farko. An sa Talata mai zuwa. Ya dawo gida da jakar a hammata, fuskarsa a sake, rabon da a gan shi haka an daɗe.

"Bari a wuce Talata," in ji shi. "In kujerar ta tabbata, gyaran rajista abu ne mai sauƙi. Ni da kaina zan zama mai duba ta."

"Gobe ake rufewa, Baba."

"Waɗannan ranakun da suke sawa, kullum sai sun ƙara. Ni na san ma'aikata."

"Jami'in ya ce ba sa ƙarawa."

"To, na ji. Gobe. Zan kira ki kafin sha biyu, ki zo ki karɓa ki wuce da ita."

Ranar Juma'a ta shirya tun ƙarfe tara. Ta sa takalmi, ta ajiye fayil ɗinta a kan teburin magani. Mama ta nemi izini a wurin aiki ta dawo sha ɗaya don ta karɓe ta, ta zauna a kicin ba ta cire kayan aiki ba. Daga gidan zuwa makaranta minti ashirin ne, daga makaranta zuwa jami'a minti hamsin in hanya ta yi kyau.

Sha biyu ta yi, wayar ba ta yi ƙara ba. Ta juya Kaka.

"Yau Nas da takalmi a ɗaki. Ina za a?"

"Ba ko'ina."

Ƙarfe ɗaya ta kira Baba, wayar a kashe. Ɗaya da rabi ta sake. Ƙarfe biyu shugaba ta kira ta da kanta, ta ce tata wasiƙar tana kan tebur, hatimi na gefe, tana ofis har uku. Nas ta tambaya ko Baba yana makarantar. Shugaba ta ce ta wuce ta ɗakin malamai ɗazu ta gan shi a kujerarsa yana duba takardu, jakar tana kan cinyarsa. Ta ce ba za ta kira shi ba, domin in ta kira shi ya zama tuhuma, in ya zo da kansa ya zama gyara.

Mama ta ce, "Ki je ki same shi mana."

"In ce masa me a gaban malamai?"

Mama ta juya. Ta koma kicin ta buɗe famfo.

Ƙarfe uku Nas ta cire takalmin. Ƙarfe huɗu ta naɗe hannun Kaka, ta lanƙwasa gwiwa, ta mirgino ta hagu, ta duba tabon. Ya ɗan buɗe a tsakiya. Ta rubuta.

Baba ya shigo biyar da kwata da sabuwar katifar iska a kafaɗa, irin wadda ake sa wa masu doguwar jinya. Ya ce taro ne ya riƙe shi, wayar kuma caji ya ƙare. Ya ce ranar Litinin zai je jami'ar da kansa, yana da wanda ya sani a can. Ya ce a zo a taya shi shimfiɗa wa Kaka katifar. Nas ta tashi ta kama gefe ɗaya.

Bai je ba ranar Litinin. Ranar Talata ya sa babbar riga ya je tambayoyin, ya ce sun yi kyau.

Babu wanda ya taɓa dukan yarinyar nan a gidan, babu wanda ya hana ta abinci ko ya zage ta. Duk wanda aka tambaya zai ce ba a yi 'ya mai haƙuri irinta ba, Baba ma yana faɗa wa baƙi casa'in da ɗayan da bakinsa. Manya huɗu ne, kowa da dalilinsa, kuma in aka bi ɗaya bayan ɗaya babu wanda ya yi ƙarya gaba ɗaya. Bayan Gwaggo yana ciwo. Yaya namiji ne. Aikin Mama da na Baba su ke riƙe da gidan. Kwana ɗari da goma sha ukun dai daga jikin mutum ɗaya aka cire su, kuma a takardar hukuma ba su taɓa faruwa ba.

Matar da aka ce ta zo ranar Asabar ta ga Kaka ba ta zo ba. Da safiyar ranar, awa goma sha shida bayan an rufe ofishin jami'a, Baba ya ce wa Mama ta kira ta ta ce ta dakata tukuna, tunda ga Nas a gida, kuma da tabon nan ba lokacin canza hannu ba ne. Mama ta kira.

An fitar da jerin jira na sashen harhaɗa magunguna a makon da ya biyo. Ita ce ta goma sha huɗu. Bara mutum goma sha ɗaya aka ɗauka daga jerin. Na bana ba a faɗa ba tukuna.